Yadda zaka karanta dokar jini ta Bani Isra'ila a Attaura ba tare da ka ɗauke ta ramuwar gayya ba

Duk shekarar da muka iso Littafin Ƙidaya sura 35 a ajin nazarin da nake jagoranta ranar Laraba da yamma, sai na ga fuskoki sun canja. Akwai wani matashi da ya taɓa rufe littafinsa ya ɗora kan benci yace min, Malam wannan ai lasisin kisa ne aka miƙa wa dangi, meye bambancinsa da abinda muke ji a rediyo, a kashe mutum ɗaya kafin gari ya waye an ƙone rabin ƙauye? Ban ga laifinsa ba don nima farkon karatuna haka na ɗauka. Abinda ke jawo haka shine mutum zai tsinci aya ta 19 ita kaɗai, inda akace mai ramuwar jini shi da kansa zai kashe wanda yayi kisan idan ya gamu dashi, sai ya tsaya nan, kamar wanda ya shigo kotu daidai lokacin yanke hukunci bai ji yadda shari'ar ta gudana ba. Toh ga hanyar da nake bi dasu yanzu, kuma zata yi maka amfani ko kai Kirista ne, ko Musulmi mai son sanin abinda ke cikin Attaura, ko ɗalibin shari'a ne kawai.

Ka tanadi Littafi Mai Tsarki na Hausa, da takarda babba ko bayan kwali, da biro kala biyu. Wurare huɗu ne ginshiƙin maganar kuma ka karanta su a zama ɗaya kar ka rarraba: Fitowa 21:12-14, Ƙidaya 35:9-34, Maimaitawar Shari'a 19:1-13, sai Joshuwa 20. In tsohon juyi ne a hannunka zaka ga Ƙidaya da sunan Lissafi, Maimaitawar Shari'a kuma Kubawar Shari'a, kar ya ruɗa ka abu ɗaya ne.

Kafin ka je ko'ina sai ka fara sanin waye wannan mai ramuwar. A Ibrananci ana ce masa go'el haddam. Dam shine jini, kamar dai a Larabci. Go'el kuwa in ka leƙa Littafin Firistoci sura 25 zaka same shi a wani aiki dabam: talauci yasa mutum ya sayar da gonar gado, go'el ne zai je ya fanso ta, ko bashi yasa ya sayar da kansa bauta a hannun baƙo, go'el ne zai biya ya fito dashi, Bo'aza ma a labarin Rut go'el ne. Kaga kenan makusancin dangi ne wanda nauyin dawo da abinda gida ya rasa ke wuyansa, in gona ce gona, in mutum ne mutum, in jini ne jini. Kuma ka tuna zamanin ba 'yan sanda, ba lauyan gwamnati, Attaura ma bata sa zaman gidan yari a matsayin hukunci ba, in dangi basu tashi ba shikenan jinin talaka ya tafi a banza. Kalmar da ta fi kusa dashi a abinda kunnenmu ya saba ji ita ce waliyyin jini na littattafan fiƙihu, don haka nake cewa ɗalibai su rubuta ta a saman takardarsu, tana rage musu hoton ɗan daba mai wuƙa da ke zuwa musu a rai.

Sai abu na biyu da zaka riƙe a hannu kana tafiya, wato yadda suke kallon jini. A Farawa 4 jinin Habila kuka yake daga ƙasa. A Farawa 9:6 wanda ya zubar da jinin mutum za a zubar da nasa saboda an yi mutum cikin siffar Allah. A ƙarshen Ƙidaya 35 kuma ance jini yana ƙazantar da ƙasa, ba abinda ke wanke ta sai jinin wanda ya zubar. Wato a wannan shari'ar masu haƙƙi ba dangin mamaci kaɗai bane, ƙasar ma da Allah yace yana zaune a cikinta tana da magana. In ka manta wannan, abubuwa biyu da ke gaba, hana kuɗin fansa da mutuwar babban firist, zasu zame maka almara.

Yanzu ka ɗauki kes ɗaya ka bi shi tun daga farko har ƙarshe, kuma kar ka ƙirƙiro, Maimaitawar Shari'a 19:5 ta baka nata. Mutum biyu sun shiga daji saran itace, ɗaya ya ɗaga gatari zai kai sara, sai ƙarfen ya kuɓuce daga ƙota ya sami abokinsa, ya faɗi ya mutu. Duk wanda ya taɓa faskare ya san wannan ba tatsuniya bace, da rani ƙota ta bushe sai kaji ƙarfen yana girgiɗi, shi yasa ake tsoma ta a ruwa ta kwana kafin a fita da ita. Ni da gatarin gidanmu nake zuwa ajin ranar, in miƙa musu su girgiza suji da hannunsu. Sannan in tambaye su, ga ka tsaye da ƙota a hannu ga gawar abokinka a ƙasa ba kowa a dajin sai kai, me zaka yi? Yawanci cewa suke zan koma gari in faɗi gaskiya. Dokar kuwa cewa tayi ka gudu zuwa ɗaya daga cikin garuruwan mafaka da aka keɓe, kuma ta faɗi dalili a aya ta 6: kada mai ramuwar ya bi shi zuciyarsa na tafasa, ya cim masa saboda hanya tayi nisa, ya kashe shi alhali bai cancanci mutuwa ba. Ka ja layi a ƙarƙashin wannan ayar. Ta san wanda aka kawo wa gawar ƙaninsa baya jin wa'azi a wannan rana, don haka abinda ta tanada shine hanya da tazara da lokaci. Irin abinda direba ke yi a titunanmu in ya buge mutum, sai ya wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda ya miƙa kansa kafin taro ya haɗu, ba don ya tsere wa shari'a ba sai don ya rayu har a yi ta. Aya ta 10 ma ta ƙara da cewa in aka bari aka zubar da jinin marar laifi haka, alhakin yana kan al'umma duka, kenan gyaran hanya aikin hukuma ne.

A nan zaka zana taswira, kar ka tsallake wannan don shine ke sa abin ya zauna a kai. Ja layi daga sama zuwa ƙasa, Kogin Urdun kenan, ɗan da'ira a sama Tafkin Galili, babba a ƙasa Tekun Gishiri. A yamma ka sa ɗigo uku: Kedesh can arewa a Galili yankin Naftali, Shekem a tsakiya cikin tuddan Ifraimu kusa da Nablus ta yau, Hebron a kudu yankin Yahuza wadda Larabawa ke kira Al-Khalil. A gabas ma uku: Golan a Bashan ta Manassa, Ramot a Gileyad ta Gad, Bezer a kudu ta Ra'ubainu. Da ka gama zaka ga an jera su arewa, tsakiya, kudu a kowane gefen kogi yadda mai gudu ba sai ya tsallaka ruwa ba. Duk shidan suna cikin garuruwa 48 na Lawiyawa, kabilar da ba'a yanka mata yanki nata ba, kuma ni a ganina da gangan ne, mutumin da ya shiga can ya shiga hannun waɗanda ba ruwansu da rigimar gidaje biyun. Ka kuma duba Ƙidaya 35:15, mafakar ta haɗa da baƙo da ɗan ci-rani, wanda bashi da dangin da zasu tsaya masa.

Toh ya iso. Joshuwa 20:4 tace a bakin ƙofar gari zai tsaya ya faɗa wa dattawa abinda ya faru, su shigar dashi su bashi wurin zama, in mai ramuwa ya biyo sawu kar su miƙa shi. Amma fa shiga ba wanke laifi bane, kowa ma zai iya rugawa yace kuskure ne. Ƙidaya 35:12 ita ce mabuɗin, kuma ita nake cewa a karanta kafin aya ta 19 ɗin nan mai tayar da hankali: kada mai kisan ya mutu sai ya tsaya gaban taron jama'a an yi masa shari'a. Yanzu raba takardarka gida biyu, biro ɗaya na ganganci ɗaya na kuskure, ka bi ayoyi 16 zuwa 23 kana zubawa. Da me ya buge shi, ƙarfe ne, ko dutsen da ya isa kisa, ko sandar da ta isa kisa. Ya yi masa kwanton ɓauna? Akwai ƙiyayya a tsakaninsu tun da? Wannan ta ƙarshen a Ibranancin Maimaitawar Shari'a 19:4 cewa akayi bai ƙi shi ba jiya da shekaranjiya, daidai yadda mu ma muke faɗa. A ɗaya gefen kuma, ya ture shi ba zato ba tsammani babu gaba, ko ya yar da dutse bai ga mutum a wurin ba. Abin lura shine ba'a ce a buɗe zuciyar mutum ba don ba mai iyawa, abinda maƙwabta zasu iya shaida akai aka tambaya, abinda ke hannunsa da yadda suke zaune da mamacin kafin ranar.

In ta tabbata ganganci ne, garin mafaka baya riƙe shi. Maimaitawar Shari'a 19:12 tace dattawan garinsu, nasa garin fa ba na mamacin ba, su zasu aika a ɗauko shi su damƙa wa mai ramuwa. Fitowa 21:14 tace ko bagaden Allah ya kama a janye shi daga nan. Sai dai ba'a kashe rai da bakin shaida ɗaya, sai biyu ko uku, kuma in aka kama shaida da ƙarya hukuncin da yaso a yi wa ɗan'uwansa shi za'a yi masa, ka duba Maimaitawar Shari'a 19:15-21. Sai yanzu ka koma Ƙidaya 35:19 ka sake karanta ta. Takobin yana nan a hannun dangi, ba'a ƙwace ba, amma yanke hukuncin waye ya cancanci takobin an ɗauke shi daga hannunsu an kai ƙofar gari.

In kuma kuskure ne, anan ɗalibai ke zaton za'a ce ya tafi gida. Ina. Za'a mayar dashi garin mafakar ya zauna har sai babban firist ya rasu, kuma in ya kuskura ya fita iyakar garin mai ramuwa ya same shi ya kashe, babu alhakin jini a kansa. Zai iya zama wata biyu zai iya zama shekara talatin, gonarsa na can, kabarin iyayensa na can. Ka ma lura da wani abu, kalmar rotse'ah da aka kira mai ganganci da ita, ita dai aka kira mai kuskuren da ita, kuma tushenta ɗaya da kalmar da ke cikin doka ta kada ka yi kisankai a Fitowa 20:13. Ba'a bashi wani suna mai taushi ba, rai ya fita ta hannunsa. Me ya haɗa sakinsa da mutuwar babban firist? A Talmud, babban littafin malaman Yahudawa na daga baya, akwai maganar cewa mutuwar firist ɗin ce kaffara, kuma wannan ya dace da abinda na ce ka riƙe tun farko, jini sai rai ke wanke shi, toh tunda wannan mutumin bai cancanci a kashe shi ba sai ran wanda ke wakiltar al'umma gaban Allah ya tsaya a madadin. Musa bin Maimun, malamin Yahudawan nan haifaffen Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, shi kuma ta fuskar zuciya ya kalla, yace idan babba kamar wannan ya rasu ƙasa duka na makoki sai zafin mai ramuwa ya lafa. Ni na farkon nafi gamsuwa dashi don shine ya fito daga cikin surar kanta, amma duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san na biyun ma gaskiya ne.

Sai wurin da mu masu Hausa muke saurin zamewa, wato diyya. Kunnenmu ya saba da cewa waliyyai zasu iya yafewa ko su karɓi diyya, don haka muna shigo da wannan cikin karatun ba tare da mun sani ba. Ƙidaya 35:31-32 ta rufe wannan ƙofar ruf, ba'a karɓar kofer, wato kuɗin fansa, don ran mai ganganci, haka ma mai kuskure ba zai biya kuɗi ya koma gida kafin lokaci ba. Malaman Musulunci ma sun san da wannan bambancin, a Bukhari an ruwaito daga Ibn Abbas cewa Bani Isra'ila suna da ƙisasi amma basu da diyya, yana fassara aya ta 178 ta Baƙara inda aka kira damar yin afuwa sauƙi da rahama, aya ta 45 ta Ma'ida kuma ta ambaci rai da rai a matsayin abinda aka rubuta musu a Attaura. Don Allah in kana koyarwa kar ka maida wannan wurin filin gasar addini, ka nuna bambancin yadda yake ka bar mutane suyi tunani. Abinda ya fi amfani shine ka ajiye dokar kusa da na maƙwabtansu na wancan zamanin. A ƙasar Hittiyawa, cikin Turkiyya ta yau, dokar sarki Telipinu ta bar wa mai jini zaɓi, in yace a kashe a kashe, in yace a biya a biya. A Babila kuma dokar Hammurabi ta wajen 1750 kafin haihuwar Almasihu, lamba 229 da 230, tace in magini ya gina gida ya rushe ya kashe maigidan a kashe maginin, in ɗan maigida ya kashe sai a kashe ɗan maginin. Attaura ta ƙi duka biyun. Mai kuɗi bazai sayi kansa ba, kuma Maimaitawar Shari'a 24:16 tace ba'a kashe uba saboda ɗa ko ɗa saboda uba, kowa da laifinsa. Wannan ayar ce amsar matashin nan mai maganar ƙone ƙauye, mutum ɗaya ne tak mai ramuwa ke da iko akansa, ba ƙaninsa ba ba ɗansa ba ba kabilarsa ba. 2 Sarakuna 14:5-6 ta nuna sarki Amaziya ya kashe bayin da suka kashe ubansa ya bar 'ya'yansu saboda wannan dokar. Wuri ɗaya da aka yarda da kofer shine Fitowa 21:28-30, mai sa mai tunkuyi da aka gargaɗa bai ɗaure ba har ya kashe mutum, shi zai iya fansar ransa tunda ba hannunsa yayi kisan ba.

In aka tsinci gawa a daji ba'a san wanda yayi ba fa? Maimaitawar Shari'a 21:1-9. Dattawa da alƙalai zasu fito su auna tazara daga gawar zuwa garuruwan kewaye, garin da ya fi kusa dattawansa su kawo karsanar da bata taɓa jan garma ba, su kai ta kwarin da ruwa ke gudu wanda ba'a taɓa nomawa ba, su karya wuyanta, su wanke hannu a kanta suna cewa hannunmu bai zubar da wannan jinin ba idonmu kuma bai gani ba. Wanda ya karanta babin ƙasama a fiƙihu zai ji ƙamshin kama. Ni abinda ke taɓa ni a nan shine mutumin da watakila ba'a ma san sunansa ba, amma sai manyan gari sun bar abinda suke yi sun fito da igiyar awo saboda shi.

Bayan ka gama da dokar sai ka gwada ta da labarai, don doka a rubuce daban take da yadda mutane suka yi. Ba zaka sami labari ko ɗaya a Littafi Mai Tsarki na wani da ya ruga garin mafaka aka yi masa wannan shari'ar ba, abinda zaka samu shine inda abin ya karkace. Fara da 2 Sama'ila 2 da 3. Asahel ƙanin Yowab, shugaban mayaƙan Dawuda, ya bi Abner, shugaban mayaƙan gidan Saul, da gudu a fagen yaƙi, Abner ya gargaɗe shi har sau biyu ya koma bai ji ba, ya soke shi da gindin mashi. Daga baya Abner yazo sulhu wurin Dawuda a Hebron, Yowab ya ja shi gefe a ƙofar gari kamar zai masa magana a asirce ya soke shi a ciki saboda jinin ƙaninsa. Duba taswirarka, Hebron fa. Tambayi ajin, Yowab go'el ne ko mai kisankai? Amsar tana 1 Sarakuna 2:5 inda Dawuda yace ya zubar da jinin yaƙi a lokacin salama, kuma ƙarshensa ya ruga ya kama ƙahonin bagade amma Sulemanu yasa Benaiya ya kashe shi a nan. Sai 2 Sama'ila 14, matar Tekowa da tazo wa Dawuda da labarin 'ya'yanta biyu da suka yi faɗa a gona ba mai raba su ɗaya ya kashe ɗaya, dangi duka sun taso a basu wanda ya rage, tace so suke su kashe mata ɗan garwashin da ya saura. Labarin Yowab ne ya kitsa shi don a dawo da Absalom ɗan Dawuda da ya kashe ɗan'uwansa ya gudu, amma da bai yi kama da abinda ke faruwa ba da sarki bai yarda ba, kuma sarkin ya rantse ko gashi ɗaya na yaron bazai faɗi ƙasa ba. Nan zaka ga abinda dokar bata faɗa ba, yadda ake yi in mai kisan da mai ramuwar gida ɗaya suke. Mafi nauyi shine sura 21, Gibeyonawa, waɗanda sarki Saul ya karkashe mutanensu, suka ƙi azurfa da zinariya suka nemi mutum bakwai daga zuriyar Saul aka basu, Rizfa uwar biyu daga cikinsu ta shimfiɗa tsumma akan dutse tana korar tsuntsaye da rana namun daji da dare tun farkon girbi har ruwa ya sauko. Wannan ya ci karo da Maimaitawar Shari'a 24:16 ƙarara, kuma ban taɓa ƙoƙarin shafe shi da man shanu a gaban ɗalibai ba, kai ma kar kayi. Haka ma Fitowa 21:20-21 kan bawan da ubangidansa ya buga, in ya mutu nan take a rama masa in ya kwana ɗaya ko biyu babu, wuri ne mai ciwo kuma gara a karanta shi da ciwonsa.

Wani kuskuren da nake yawan ji har a bakin masu wa'azi shine haɗa Attaura da abinda malaman Yahudawa suka rubuta daga baya. Zaka ji ana cewa Littafi Mai Tsarki yace an kafa alluna a mararraba an rubuta miklat miklat, wato mafaka mafaka. Wannan a Talmud yake. Mishna kuwa, wato tarin dokokin malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, ita ce tace ana haɗa mai gudun da almajirai biyu masu ilimi su raka shi don su lallashi mai ramuwa in ya tare hanya, kuma iyayen manyan firistoci mata suna aika wa mazauna mafakar abinci da tufafi don kar su riƙa addu'ar 'ya'yansu su mutu. Ita ce ta sa alƙalai 23 a shari'ar rai, rinjayen ƙuri'a ɗaya ya isa a saki mutum amma sai biyu a kashe shi, har tace kotun da ke kashe mutum sau ɗaya a shekara bakwai mai ɓarna ce, wani malamin yace ai ko a shekara saba'in, wasu biyu suka ce da suna cikin kotun da ba'a taɓa kashe kowa ba, wani kuma ya mayar musu da cewa da haka sai masu zubar da jini su yawaita a Isra'ila. Ka karanta su suna da daɗi kuma suna buɗe ido, amma ka rubuta su a bayan takardarka da sunansu, kar su shiga layin Musa.

In ka gama duk wannan sai ka ba kanka ko ajinka kes na gwaji, ka bar su su zama dattawan ƙofa. Wanda nake basu shine magini na kan soro yana sauke dutse da igiya, igiyar ta tsinke dutsen ya faɗa kan yaro mai wucewa. Su tambayi komai da kansu, ko ya ga yaron, ko akwai rigima tsakaninsa da uban yaron jiya da shekaranjiya, shaidu nawa ne, wane gari ne ya fi kusa dashi a taswira, waye go'el a gidan. Idan sun yanke sai in juya kes ɗin, in ce toh yanzu maginin ne da kansa ya zame daga soron ya faɗo ya mutu, kuma soron ba'a yi masa rawani ba, jinin yana kan wa? Sai in ce su buɗe Maimaitawar Shari'a 22:8 su karanta da ƙarfi, inda akace in ka gina sabon gida ka yi wa rufinsa katanga don kar ka jawo wa gidanka alhakin jini in wani ya faɗo.